"Ai a can doka ta halatta": matsayin baƙo a dokokin karuwanci na Turai

A watan jiya ɗan yayata ya zo yi mini sallama, domin ya sami gurbin kwas na wata shida a ƙasar Holan. Bayan mun gama maganar masauki da sanyi da inda zai riƙa samun naman halal, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, wai da gaske ne a can karuwanci sana'a ce da gwamnati ta amince da ita? Abokaina sun ce duk baƙon da ya je yana iya yin abin da ya ga dama, babu mai ce masa uffan." Na ji daɗin tambayar, domin ya fi mini a ce ya kawo ta gabana da ya ɗauki zancen majalisa ya hau jirgi da shi. Na amsa masa a taƙaice a ranar, amma maganar ta ci gaba da yi mini yawo a rai, har na ga ya kamata in zauna in rubuta ta dalla-dalla.

Hukuncin zina a addini ba ya buƙatar bayanina, yaron ya san shi tun yana makarantar allo, kuma dokar wata ƙasa ba ta taɓa shi. Abin da nake son dubawa shi ne dokokin ƙasashen da kansu, domin jimlar nan ta "ai a can doka ta halatta" tana yin ɓarna iri biyu. Tana yaudarar namijin da ya tafi baƙunta ya ɗauka cewa babu abin da zai same shi, sannan ita ce ƙugiyar da masu safarar mutane ke jefa wa 'yan mata don su kwantar musu da hankali. Idan mutum ya karanta dokokin da idon basira, zai tarar cewa kusan ko'ina an ware baƙo an yi masa nasa hukunci, musamman ma idan baƙuwa ce daga Afirka.

Na taɓa zuwa Amstadam sau ɗaya, a kan wani taron aiki. Daga babbar tashar jirgin ƙasa zuwa unguwar da suke kira De Wallen tafiyar minti goma ce a ƙafa, kuma mutum yana iya tsintar kansa a cikinta ba tare da ya yi niyya ba, kamar yadda ya faru da ni lokacin da nake neman hanyar komawa masauki bayan la'asar. A tsakiyar unguwar akwai tsohuwar majami'ar da ake kira Oude Kerk, wadda ta haura shekara 700, kuma ita ce gini mafi tsufa a birnin. A jikin lungunan da ke zagaye da ita akwai ƙofofin gilashi masu jar fitila a sama da jan labule a gefe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata mace da na gani zaune a kan doguwar kujera a bayan gilashi, ta ɗora wayarta a cinya tana dannawa, ga kofin shayi na takarda a gefenta, fuskarta babu fara'a babu fushi, irin fuskar ma'aikacin da ke jiran lokacin tashi. A waje kuwa cincirindon 'yan yawon buɗe ido ne, wasu da giya a hannu, suna nuna ta da yatsa suna dariya. Na sauke kaina na yi sauri na wuce, amma ban manta da ita ba.

Holan ta haramta gidajen karuwai a 1911, haramcin ya zauna a takarda kusan shekara 90 alhali gidajen suna aiki hukuma tana kawar da kai, sannan a ranar 1 ga Oktoba ta 2000 aka ɗage shi. Hujjar gwamnati a lokacin ita ce abin da ke fili ya fi sauƙin sa ido a kai fiye da abin da ke ɓoye, kuma idan aka tantance masu yi da son ransu, za a fi gane waɗanda aka tilasta wa. Halattawar ta zo da sharuɗɗa masu yawa. Mai gida sai ya sami lasisi daga ƙaramar hukuma, matar da ke haya a bayan gilashi sai ta yi rajista a matsayin mai sana'ar kanta ta biya haraji, kuma a Amstadam sai ta cika shekara 21. Duk abin da ya fita daga wannan da'ira laifi ne. Namijin da ya biya kuɗi ga yarinyar da ba ta kai 18 ba ɗauri ne a kansa, kuma cewa bai san shekarunta ba ba ta fitar da shi. Tun daga farkon 2022 kuma an ƙara da cewa wanda ya nemi macen da ya sani, ko yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin, cewa safararta aka yi, shi ma mai laifi ne. Jamus tana da irin wannan tanadi. A Ingila abin ya fi tsanani, domin idan ta tabbata cewa tilasta wa matar aka yi, wanda ya biya ya yi laifi ko ya sani ko bai sani ba. To, baƙon da ya kwana biyu a gari, ba ya jin yaren, bai san wace ce ke da lasisi ba, ta yaya zai bambance? Shi ne ya fi kowa kusa da faɗawa ramin.

Su kansu mutanen Amstadam sun gaji da irin baƙin da sunan unguwar ke jawo musu. Tun 2007 hukumar birnin ta fara sayen wasu gine-ginen tana rufe tagogin, a 2020 ta hana 'yan rakiya zagayawa da ayarin masu yawon buɗe ido ta gaban tagogin, a 2023 kuma ta fito da talla ta musamman da ke gaya wa samarin Birtaniya masu zuwa shaye-shaye da holewa cewa su yi zamansu a gida. Magajiyar garin, Femke Halsema, ta daɗe tana ƙoƙarin ɗauke wani kaso na sana'ar daga tsakiyar birni zuwa wani gini a gefen gari, mazauna wancan gefen suna ƙi, matan da ke aikin su ma da yawansu suna ƙi. Wannan ita ce ƙasar da ake ba da labarinta a majalisa kamar babu wanda abin ya dama.

Amma babban abin da ba a faɗa shi ne wannan: dokar Holan ba ta ba wa macen da ta fito daga wajen Tarayyar Turai izinin aiki don ta yi karuwanci. Ofishin da ke ba da takardar izinin aiki an hana shi bayar da ita a kan wannan sana'a. 'Yar Romaniya ko 'yar Bulgeriya tana iya zuwa ta yi rajista, domin ƙasarta tana cikin Tarayyar. 'Yar Najeriya ko Nijar ko Gana da ta shigo da bizar ziyara, ko ta shigo babu takarda, ba ta da wannan hanyar sam. Saboda haka duk wanda ya ce wa yarinya a birnin Benin na jihar Edo ko a Kano, "Kada ki damu, a can doka ta yarda," ƙarya ya yi mata tsagwaronta, domin dokar da ya ambata ba da ita take ba. Ita wurinta shi ne ɗakin ɓoye, inda babu lasisi, babu mai zuwa dubawa, kuma tana tsoron ɗan sanda fiye da yadda take tsoron wanda ke dukanta, tunda ɗan sanda yana iya tasa ƙeyarta zuwa gida da bashi a wuyanta. A 2007 'yan sandan Holan sun tarwatsa wata ƙungiya a wani bincike da suka sa wa suna Koolvis, bayan an lura cewa 'yan mata ƙanana daga Najeriya suna sauka a filin jirgin sama na Schiphol, su nemi mafaka, a ajiye su a gidajen kula da yara, bayan 'yan kwanaki su ɓace, daga baya a gan su a titunan Italiya da Sifaniya. Ko New Zealand, wadda a 2003 ta cire karuwanci daga jerin laifuka da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak a majalisa, 60 da 59, kuma ake yawan kafa misali da ita, ta sa sashe na 19 a dokar, wanda ya hana duk mai bizar wucin gadi shiga sana'ar, wadda aka kama kuwa a kore ta daga ƙasar.

Wani abin da matafiyi ba ya lura da shi shi ne yadda doka ke sauyawa a ƙarƙashin ƙafarsa ba tare da ya ga shinge ba. Jirgin ƙasa daga Amstadam zuwa Faris ba ya cika awa huɗu, babu mai tambayarka fasfo a mafi yawan lokuta, amma ka ratsa dokoki uku. A Beljiyam tun 2022 an cire sana'ar daga dokar laifuka, a ƙarshen 2024 ma aka ba masu yin ta damar kwantiragin aiki da hutun haihuwa da fansho. Da ka sauka a Faransa kuwa, tun watan Afrilu na 2016 mai saye shi ne mai laifi: tarar yuro 1,500 a karon farko, yuro 3,750 idan ya sake, kuma ana iya tura shi kwas na wayar da kai. Mutum 261 daga masu sana'ar sun kai ƙarar wannan doka Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam, suna cewa ta jefa su cikin haɗari, a watan Yuli na 2024 kotun ta ce Faransa ba ta keta haƙƙinsu ba. Wannan tsari na hukunta mai saye a bar mai sayarwa Suwidin ce ta fara shi a 1999, inda hukuncin ke iya kaiwa ɗaurin shekara guda, sannan Norwe da Aisilan suka bi a 2009, Kanada a 2014, Ailan a 2017. Dokar Norwe ma tana bin ɗan ƙasarta har waje, ko da a inda ya aikata ba laifi ba ne.

A ganina wannan tsari ya fi na Holan kusa da adalci, domin ya ɗora nauyin a kan wanda ke da kuɗi da zaɓi. Sai dai ba zan ɓoye cewa shi ma bai yi wa baƙuwa rana yadda ake zato ba. Cikin abubuwan da suka ingiza Norwe ta yi dokarta har da ƙorafin jama'a a kan matan Najeriya da suka cika babban titin Karl Johan na birnin Oslo a shekarun da suka gabaci 2009. An ce matar ba ta yi laifi ba, amma ƙungiyar Amnesty International a rahotonta na 2016 ta nuna yadda 'yan sanda ke matsa wa masu gidajen haya su kori irin waɗannan mata, da yadda macen da ta kai ƙarar fashi ko duka take ƙarewa da korarta daga ƙasar saboda takardunta. A Suwidin ma dokar baƙi ta ba da damar mayar da wanda ake ganin ba zai ci da kansa ta halastacciyar hanya ba, kuma an yi amfani da ita a kan mata baƙi. Wato dokar laifuka ta wanke ta, dokar shige da fice ta kama ta.

Inda abin ya fi shafarmu shi ne Italiya. A can dokar 1958, wadda ke ɗauke da sunan 'yar majalisar dattawa Lina Merlin, ta rufe gidajen karuwai ta kuma haramta kawalci da cin gumin mace, amma ba ta mayar da sayar da kai laifi ba. Sakamakon shi ne sana'ar ta koma bakin titi, kuma tun shekarun 1980 matan Najeriya suka fara bayyana a gefen hanyoyin Turin da Palermo da Castel Volturno da ke kusa da Napoli. Alƙaluman Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya sun nuna cewa matan Najeriya da suka isa Italiya ta teku sun tashi daga 1,454 a 2014 zuwa 11,009 a 2016, kuma hukumar ta ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 nasu ana iya cewa safararsu aka yi domin karuwanci. Mafi yawansu daga jihar Edo suke. Kafin su taso ana kai su wurin boka su yi rantsuwa, a ɗebi gashi da farce a ajiye, a ɗora musu bashin da yakan kai yuro 30,000 ko fiye, wanda za su biya wata mace da suke kira madam, kwatankwacin magajiya a gidajen bariki na da, sai dai ita wannan ta sayi mutum ne da kuɗinta tana jiran riba. Yarinyar da aka gaya wa adadin tun a gida sau da yawa tana lissafa shi ne kamar naira.

Ba 'ya'yan Hausawa ba ne akasarinsu, amma ta ƙofar gidanmu ake wucewa da su. Hanyar ta bi ta Kano ko Sakkwato, ta ƙetara iyaka zuwa Damagaram ko Maraɗi ko Birnin Ƙonni, ta haɗe a Agadas, daga nan sai Dirku, sannan Sabha a Libiya. Direbobin, da masu gidajen da ake ɓoye su kafin ayari ya tashi, da 'yan kamashon tasha, da yawansu da Hausa suke ciniki. Shekaru da suka wuce, kafin Nijar ta kafa dokarta ta 2015 da ta haramta fasa-ƙwaurin baƙin haure, ina tashar mota a Damagaram ina jiran motar Kano, sai na ga 'yan mata biyar zaune a kan tabarma ɗaya a inuwar wata rumfa. Babbarsu ba za ta wuce shekara 20 ba. Ba sa jin Hausa, ba sa jin Faransanci, kowace da ƙaramar jaka ɗaya da jarkar ruwa sabuwa da aka naɗe da buhu. Wani mutum ya sayo musu burodi da kifin gwangwani ya raba, sai na lura wayoyinsu duka suna hannunsa cikin leda ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ta roƙe shi tata, ya girgiza kai, ta koma ta zauna. Na tambayi mai shayin da ke kusa da ni, ya ce, "Alhaji, 'yan Agadas ne, kullum sai an wuce da irinsu." Na sha shayina, motata ta cika, na tafi. Ban yi magana da kowa ba, ban ma san wa zan gaya wa ba a lokacin, kuma har yau idan na tuna ledar wayoyin nan sai in ji nauyi a ƙirjina.

An yi ƙoƙari daga baya. Najeriya ta kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, tun 2003, aka sabunta dokarta a 2015. A watan Maris na 2018 Oba na Benin, wato sarkin gargajiya na birnin Benin a jihar Edo, Ewuare na Biyu, ya tara bokayen masarautarsa ya warware duk rantsuwar da aka ɗora wa 'yan matan, ya kuma la'anci duk wanda ya sake ɗora ta, kuma wannan ya ba mata da yawa ƙarfin halin guduwa fiye da yadda wata takardar doka ta taɓa ba su. Dokar Nijar ta 2015 kuwa gwamnatin soja ta soke ta a watan Nuwamba na 2023, motoci suka koma tashi daga Agadas a fili. Kasuwar ma ta ƙara rassa, domin a 2019 NAPTIP ta ce akwai 'yan matan Najeriya kusan 20,000 da suka maƙale a Mali, da yawa a sansanonin haƙar zinariya, bayan an yi musu alkawarin aiki a wata ƙasa daban.

Idan na karanta aya ta 33 a cikin Suratun Nur, wadda ta hana tilasta wa kuyangi karuwanci don neman abin duniya, wadda malaman tafsiri suka ce ta sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ubayyu da ke tura bayinsa mata su samo masa kuɗi, sai in ga cewa ayar ta fuskanci mai tilastawa ne da hani, ta kuma buɗe wa wadda aka tilasta ƙofar gafara da rahama. Mu kuwa a al'adarmu mun fi saurin jifan yarinyar da aka dawo da ita daga Libiya ko Italiya, mu bar wanda ya sayar da ita yana gina bene ana gaishe shi a masallaci. Wannan yana cikin dalilan da ke sa wasu su gwammace su ci gaba da zama a hannun madam da su dawo gida hannu rabbana.

Ga namijin da ke tafiya wasu wuraren ban da Turai, yawan ganin abu a fili ba ya nuna halaccinsa. A Tailan, duk da sunan da Pattaya da Bankok suka yi, dokar 1996 ta hana sana'ar. A Dubai laifi ne da ke jawo ɗauri da kora daga ƙasa, komai yawan abin da ake gani a wasu otal-otal. A Amurka ba a yarda da ita ba sai a gidaje masu lasisi a wasu ƙananan hukumomin karkara na jihar Nebada, kuma birnin Las Vegas ba ya cikinsu. Takardar neman bizar Amurka ma tana tambaya ƙarara ko mai nema ya yi karuwanci ko kawalci a cikin shekara 10 da suka wuce, wato abin da mace ta yi bisa doka a Amstadam yana iya rufe mata ƙofa a wata ƙasar.

Akwai tanadi biyu da nake ganin ya kamata kowane ɗan Afirka mazaunin Turai ya sani, domin wata rana yana iya zama shi kaɗai ne wanda wata yarinya za ta iya yi wa magana. A Holan, wadda aka ga alamar safararta aka yi tana da damar wata uku na hutawa da tunani, da masauki da kulawar likita, ba tare da an kore ta ba, kafin ta yanke shawarar ko za ta shigar da ƙara. A Italiya kuwa sashe na 18 na dokar baƙi ta 1998 ya ba da takardar zama ta musamman ga wadda ke neman kuɓuta daga hannun masu cin guminta, ta hanyar ƙungiyoyin agaji da gwamnati ta amince da su, kuma a ƙa'ida ba dole ne sai ta tsaya shaida a kotu ba. Madam ba za ta taɓa gaya mata wannan ba, domin jarinta shi ne yarinyar ta ci gaba da ɗaukar cewa duk wanda ya sa kaki maƙiyinta ne.

Waɗannan biyun na rubuta wa ɗan yayata a takarda ranar da zai tashi, na ce ya sa a cikin fasfonsa. Na gaya masa cewa a unguwar Bijlmer da ke kudu maso gabashin Amstadam zai tarar da 'yan Gana da 'yan Najeriya da yawa, zai sayi doya da manja a shagunansu, zai ji ana Hausa a wasu masallatan, kuma idan Allah ya haɗa shi da wata wadda wani ke riƙe mata fasfo da waya, kada ya yi irin shirun da na yi a tashar Damagaram. Ya karɓi takardar da hannu biyu ya ce, "In Allah ya yarda, Kawu."